Neman kalmar Hausa: "awannin sama" da "nisan sama"

Jama'a, ina neman shawarar malaman harshe da ma'aikatan jiragen sama a kan abin da Turawa suke kira flight time, wato tsawon lokacin da jirgin sama yake ɗauka a tafiya, domin har yanzu ban ji wata kalma guda da muka tsaya a kanta ba, kowa yana faɗin abin da ya zo bakinsa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne rakiyar da na yi wa baffana zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano lokacin da zai tafi Umara. Ya miƙo mini tikitinsa, ya ɗora yatsa a kan lokacin tashi, ƙarfe 1 na dare, da lokacin sauka a Jidda, ƙarfe 8 na safe, ya ce: "Ɗana, wato awa bakwai zan yi a zaune?" Na ce masa a'a Baffa, agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, saboda haka biyar ne. Su ma biyar ɗin ba duka ne a sama ba, domin kamfani yana ƙidaya tun daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake ajiye, har da gangarawarsa zuwa titin tashi da jiran izini daga hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage.

Shawarata ita ce mu kira lokacin da ke tsakanin ɗagawar taya daga ƙasa da sake taɓa ƙasa "awannin sama", wanda aka rubuta wa fasinja kuma mu ce masa "awannin tikiti". Na ji wasu suna cewa "lokacin shawagi", amma ban gamsu ba, saboda a Hausa shawagi na shirwa ne, tana kewaya wuri guda ba ta nufi ko'ina ba. Jirgin da ya iso aka hana shi sauka, yana ta zagaya gari, shi ne mai shawagi. "Lokacin tashi" kuwa ya riga ya sami aikinsa.

Haka nan nisa. Daga Kano zuwa Legas a miƙe bai wuce kilomita 830 da 'yan kai ba, alhali wanda ya bi mota ta Kaduna sai ya ci kusan dubu ko fiye, don haka "nisan sama" da "nisan ƙasa" sun raba gardama. Nisan sama daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne. Sai dai jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazanmu sun riƙa yin zagaye, awannin sama suka ƙaru ba tare da garuruwan sun gusa ko da taku ɗaya ba. A nan ne nake da shakka, ko "nisan sama" zai tsaya ga ma'aunin miƙe kaɗai, ko zai haɗa da zagayen da aka yi. Ni na fi karkata ga na farko, na biyun a ce masa "nisan hanya".

Tsayawa a Alƙahira ko Adis Ababa don sauya jirgi ba ta buƙatar sabon suna, fatake sun bar mana "yada zango". Masu aiki a hasumiyar Kano, da wace kalma kuke rarrabe nisan nan biyu idan kuna hira da Hausa?