Wakena sai ganye, fure na zubewa: ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na shuka wake a bayan gida farkon watan Yuli, irin da na awo a kasuwa. Na zuba masa kashin kaji, na ƙara da yuriya. Ya yi yaɗo har ya haye katanga, ganye shar, amma ɗan furen da ya fito sai ya zube. Ga wasu baƙaƙen ƙwari sun manne a toho, tururuwa na ta sintiri. Yaya zan yi?

Wani dattijo: Wa alaikumus salam. 'Yata, ƙoshi ne ya yi masa yawa. Wake ba masara ba ne. Tumɓuke guda ki duba saiwar, za ki ga 'yan ƙulle-ƙulle. Su ke samar masa abin da yuriya ke bayarwa. In aka ƙara masa sai ya tafi ganye. Takin supa yake so, shi ma tun wajen shuka.

Wata 'yar uwa: Baƙaƙen nan darɓa ce, tururuwa kuwa zaƙin da take fitarwa suke bi. Ki daka 'ya'yan darbejiya, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki fesa da yamma har ƙarƙashin ganye.

Malamin gona: Gaskiyar Baba ce, amma zubewar fure ba laifin taki kaɗai ba ne. Hajiya, tsinki fure ki karkaɗe a tafin hannu. In kin ga 'yan mitsi-mitsin ƙwari sirara suna gudu, su ne ɓarayin. In kuma akwai saƙa kamar ta gizo-gizo da ɗan kashi, tsutsar wake ce ta shiga, ita kam darbejiya ba ta cika kai mata ba. Sannan waken kasuwa sau da yawa kanannado ne, ba ya fure sosai sai rana ta fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba. Baɗi ki nemi irin wake mai suna SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019, tsutsar ba ta iya masa.

Mai tambaya: Malam, na karkaɗe, wallahi ga su nan birjik. To ina da kaji da yara a tsakar gidan, feshin kanti fa?

Malamin gona: Fara da darbejiyar duk mako. In ta gaza, ki yi na kanti da yamma, kaji a kulle, yara a ɗaki, kuma kada a tsinki ganye ko ɗanyen wake sai kwanakin da aka rubuta jikin kwalbar sun cika.