Wace ciyawa ce wannan mai ƙaya kamar tauraro?

Sabon_Manomi: Slm jama'a, dan Allah a taimaka min. Wata ciyawa ce ta cika min gefen gona bana, bara ko ɗaya ban gani ba sai da na zuba takin da na siyo. A tsaye take har ta wuce gwiwa, jikinta duk gashi gashi, kowane reshe sai ya rabu biyu, a wajen rabuwar nan ƙayar ke fitowa a dunƙule kamar tauraro. Shekaranjiya akuyata ta dawo tana ɗingishi, ina ɗaga ƙafar sai ga ƙaya har uku tsakanin kofato. Tsidau ce?

Baba_Makiyayi: Wslm. A'a ɗana, tsidau kwanciya take a ƙasa tana yaɗo, ganyenta ƙanana kamar na tsamiya. Ƙarangiya kuwa dangin ciyawa ce mai dogon ganye. Wannan kashin yawo ne. Ɓalli ƙwaya ɗaya ka duba, za ka ga ƙahonni biyu dogaye a kanta, sauran jikin kuma ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa kamar ƙugiya, da su yake maƙalewa a jelar saniya ko gashin tunkiya ya bi su duk inda suka je, kai har wando baya bari. A takin nan ka siyo shi.

Hajiya_Z: Gaskiyar Baba ne. Asalinsa ma daga Kudancin Amurka yake, yawon ya kai shi ƙasashe da yawa. Abin da nake jiye maka shi ne harawa, dabba bata cika cinsa ɗanye ba amma in ya bushe cikin harawa sai ta haɗa ta cinye, kuma yana taɓa hanta in ya yi yawa. Akuyar ka cire mata ƙayar ka wanke da ruwan gishiri, in ya kumbura ko ya fara ruwa nemi likitan dabbobi kar ka tsaya jira.

Sabon_Manomi: Na gode ƙwarai. To in sare shi da adda kawai?

Baba_Makiyayi: Ya riga ya yi 'ya'ya, kana sara kana shuka shi ne. Sa safar hannu ka tuge da saiwa, a hankali kar ƙayar ta zube, ka tara wuri ɗaya ya bushe ka cinna wuta. Baɗi ma zai fito wlh, don iri na nan a ƙasa, sai ka riga shi tun noman farko kafin ya yi fure.