Aikin da ya riga tunani: alheri ne ko garaje?

Tambaya daga Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum. Jiya a kasuwar Kejetia wata yarinya mai dakon kaya ta yi tuntuɓe, sai na ga hannuna ya riga ya tare kwanon da ke kanta tun kafin in san na motsa. Amma a makon jiya, haka nan ba tare da tunani ba, na daka wa yaron shagona tsawa a gaban jama'a, kuma har yau abin yana damuna. Shin waɗannan ayyuka biyu tushensu ɗaya ne?

Amsa daga Asawase: Wa alaikumus salam, Malam. A ganina tushensu ɗaya ne, wato sabo. Shekaru da yawa ina ɗinki, ƙafata tana taka keke, hannuna yana juya yadi, alhali ina hira da mai kaya, domin abin da jiki ya daɗe yana maimaitawa ba ya jiran shawara. Hannunka ya saba da taimako, harshenka kuma ya saba da faɗa.

Amsa daga Nima, Accra: Yaya, akwai bambanci. Idan mutum ya taɓa tukunya mai zafi, laka ce take ba da umarnin janye hannu kafin ƙwaƙwalwa ta gane zafin, kuma ba a zargin kowa a kan wannan. Tsawa kuwa tana da ɗan lokacin da za a iya haɗiye ta, ko da na numfashi ɗaya ne.

Mai tambaya: Na gode. Gobe da safe, in Allah ya yarda, zan kira yaron in ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji tsawar.