Yankari a yini ɗaya ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Masu zuwa gandun namun daji na Yankari a kai a kai sun haɗu a kan cewa kwanan ɗaki ne ke cinye kuɗi, don haka a yi sammako a dawo a ranar. Daga garin Bauchi zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi a cikin gandun, kusan kilomita 110 ne: a bi hanyar Gombe, a karya dama a Dindima har ƙofar Mainamaji, inda ake biyan kuɗin shiga. Daga nan saura wajen kilomita 40 cikin daji, babu gidan mai, saboda haka a cika tanki tun Bauchi, a duba safaya.

Lokaci ya fi komai. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna da gwanki na taruwa a bakin kogin Gaji. Da damina duhuwa ke ɓoye su, sai a biya kuɗin zagayen kallon dabbobi a ga tsuntsaye kawai. Zagayen safe ko na la'asar ya fi, domin da tsakar rana dabbobi na kwance a inuwa. Motar zagaye kuwa a haɗa kai da wasu baƙi a raba kuɗinta.

A taho da abinci da ruwa daga gida, amma a kulle su a but. Gwaggon biri na fizge leda daga hannun yaro, har mota yakan shiga idan an bar gilashi buɗe. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando, a riƙo tawul don wanka a ruwan ɗumi na Wikki.