Bargon Yaya da maganar ƙyallen ruwan hoda

'Yan adashinmu mun haɗa kuɗi za mu ɗinka wa wata yayarmu bargo da guntayen atamfa, tana fama da sankarar mama. Sai gardama ta tashi: a sa alamar nan ta ƙyalle mai ruwan hoda, wadda ake maƙalawa a watan Oktoba don wayar da kai kan wannan ciwo, ko a bari?

Mafi yawa suka ce a bari. Ko dangin mijinta ba duka suka san ciwon ba, ga 'yan dubiya suna shiga har uwar ɗaka. Wanda ya gane alamar, an tona abin da take rufewa ke nan. Wata a cikinmu da ta taɓa jinyar tata mahaifiyar ta ce mai ciwo ba ta bukatar tuni, abin yana jikinta. Ni ma nan na karkata.

Mutum biyu suka ce akwai masu son alamar, a dai tambaye ta a asirce.

Inda baki ya zo ɗaya shi ne yadi: auduga mai laushi daga Kantin Kwari, a wanke ta saki kafin ɗinki. Ban da duwatsu masu karce fata, kuma kada a turara shi, don masu shan maganin sankara ƙamshi kan tayar musu da zuciya.