Neman shawara: kwankwasona na riƙewa da zarar na sauka daga keke

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka, kaina ya kulle. Saura mako 9 in shiga gasar tirayatlon ta farko a rayuwata, mai nisan Olamfik: ninkaya kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Ni asalina ɗan gudu ne, shekara shida ina yi ban taɓa kwanciya ba. Ninkaya da girmana na koya, har yau in na juya ta hagu don shan iska sai na kurɓi ruwa. Keken kuma na wani abokina ne da ya fi ni tsawo, ya bar min shi lokacin da ya yi aure ya daina fita, mun ma ɗan samu saɓani daga baya amma mun shirya. To, duk sanda na wuce kilomita 25 sai kwankwaso ya fara, in na sauka zan yi gudu sai in kasa miƙewa, kamar tsoho. A ruwa ma ƙafafuna nutsewa suke. Wani ya ce tsokokin tsakiyar jikina ne ba ƙarfi, shi ne na fara sitof, wato in kwanta rigingine in riƙa tasowa zaune, sau 100 kullum da dare. Mako uku ke nan, abin sai ƙaruwa yake.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka daina sitof ɗin nan daga daren yau. Ka yi awa ɗaya a sunkuye kan keke, ka dawo gida ka sake lanƙwasa bayan sau ɗari, ina zai huta? Aikin tsokokin ciki da na gefe da na baya shi ne riƙe gangar jiki cak yayin da hannu da ƙafa ke aiki. In suka saki, ƙugu ya riƙa lilo kan sirdi, a ruwa ƙafa ta nutse, a gudu kwankwaso ya riƙa karkata gefe duk taku. Farfesa Stuart McGill, masanin ƙashin baya da ya koyar a Jami'ar Waterloo a Kanada, ya yi suna da atisaye uku: ka kwanta rigingine, gwiwa ɗaya a lanƙwashe, ka ɗan ɗaga kai da kafaɗa kawai, sai filank na gefe, wato ka kwanta ta gefe, ka dogara kan gwiwar hannu, ka ɗaga ƙugu ka riƙe, sai ka durƙusa kan hannu da gwiwa ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu, ka sauya. Riƙon daƙiƙa 10 kowanne, ka maimaita. Ka haɗa da ɗaga ƙugu daga kwance don tsokar mazaunai. Minti 15, sau uku a mako. Shi ke nan.

Maman Biyu: Kai dai ka gode Allah ka samu mai yi maka bayani. Ni kocin da na ɗauka wata huɗu yana sa ni filank na minti uku, kafaɗata ta kusa cirewa, da na yi magana ya ce raki ne irin na mata. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mai Feda: Ni fa ban ga laifin ciki a nan ba. Ya faɗa da bakinsa, keken na dogo ne. In sirdi ya yi sama ko hannun keken ya yi nisa, ko cikinka ƙarfe ne sai bayan ya yi ciwo. Malam, ka taɓa sauke sirdin?

Tsohon Hannu: Mai Feda, kai kome aka kawo sai ka ce sirdi. Nutsewar ƙafa a ruwa ma sirdin ne?

Mai Feda: Wannan ai ɗaga kai ne. Mutumin da ke kurɓar ruwa dole yana ɗaga kai sama, kai ya hau, ƙafa ta sauka.

Anti Nas: Ɗan uwa, ba ka faɗa mana ba, ciwon yana sauka cinya ko ƙafa? Akwai mutuwar jiki ko jin kamar allura? In akwai, ka bar maganarmu ka ga likita tukuna.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma Yallaɓai, sitof ɗin nan tun ina yaro ake yi, kuma ina jin cikina ya fara tauri. Daƙiƙa 10 ai kamar wasa ne. Keken kuwa da shi na yi duk atisayena, ina tsoron taɓa shi yanzu in ɓata abin da na saba. Lokaci ma ba ni da shi, sai dai in yanke daga gudu, kuma gudun nan ne kaɗai abin da na iya.

Tsohon Hannu: Minti 15 ne babu? Waɗanda ke yin Ironman, ninkaya kilomita 3.8, keke 180, gudu 42.2, suna samun lokacin. Ka gwada na gefen nan yadda ya kamata, ƙugu a sama, sannan ka dawo ka ce min wasa ne.

Maman Biyu: Haka kocina ma yake magana, wallahi sak.

Anti Nas: Har yanzu ba ka amsa min ba.

Sabon Shiga: To in na rage sitof ɗin zuwa 50 fa, na haɗa da naku?