Mai rubuta inji ko mai zana taswira: wane ne maginin?

Mubarak, Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Maganar da na faɗa jiya a shagon Malam Isiyaku ta ɓata wa wasu rai, to bari in maimaita ta kowa ya gani. A harkar wasannin kwamfuta, wanda bai taɓa rubuta injin zane (manhajar da ke zana duniyar wasa a allo) da hannunsa ba, taswira kawai yake jerawa a injin wani, bai kai a kira shi magini ba. Mai shafe ne. Wani ya buga tubali, ya ɗora azara, shi kuma ya zo yana yi wa bango ado. Wata huɗu ke nan ina rubuta nawa injin da harshen rubuta manhaja na C, irin na wasan Wolfenstein 3D na 1992. Duniyarsa kamar dara take, gurbi 64 a tsaye 64 a kwance, kowane gurbi ko bango ne ko fili. Kowane layin tsaye na allo sai ka harba masa zare ɗaya daga idon ɗan wasa har ya ci karo da bango, tsawon zaren ne zai gaya maka tsayin bangon da za ka zana. Ranar farko bangona ya lanƙwashe kamar ƙwarya. Kwana uku na yi kafin na gane dole in ninka nisan da kosain na kusurwar. Wanda bai sha wannan wahalar ba, me ya sani game da abin da yake gani a allo?

Hajara, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam. Yaya Mubarak, ni ce raina ya ɓaci, kuma har yanzu ban huce ba. Gidan kakana na cikin birni nake ginawa a wasan Doom da manhajar zana taswira ta Ultimate Doom Builder tun hutun da ya wuce. Ɗan wasan Doom tsayinsa awo 56 ne, faɗinsa 32, kuma ba ya hawa tudun da ya wuce awo 24. Ƙofar zaurenmu gajera ce, sai ka sunkuya kafin ka shiga, a Doom na asali kuwa babu sunkuyawa. To yaya zan sa mutum ya ji ƙofar ta matse shi? Na bar ta a awo 64, na rage hasken zauren sosai, domin kowane sashe yana da nasa haske daga 0 zuwa 255, sannan na buɗe hasken tsakar gida gaba ɗaya. Na ba ƙanena ya gwada, da ya fito daga zauren sai na ga ya ɗaga kai daga kan kujera kamar rana ta buge shi. Babu layi ɗaya a injin da ya ce a yi haka. Ni na yi.

Nura, Tudun Wada:
Hajara ki yi haƙuri, amma mutumina Mubarak yana da hujja. Ba don John Carmack ya zauna ya rubuta injin Doom ba, ina za ki sa zauren? Ko hasken da kike ragewa, shi ya ba ki wurin murɗawa.

Malam Isiyaku, Sabon Gari:
Yarana, ku bar ni in sa baki, tunda a shagona aka fara. Ni na buga Doom a kan kwamfuta 486, da faifan fulofi, lokacin yawancinku ba a haife ku ba. Wasan ya fito 10 ga Disamba 1993, allonsa ɗigo 320 a kwance 200 a tsaye, launi 256, hoto 35 a daƙiƙa, yana neman megabait 4 na RAM. Abin da Mubarak bai faɗa ba shi ne, mutanen id Software, kamfanin da ya yi Doom, da gangan suka raba injin da kayan wasan. Taswira, hotunan bango, sauti, duk suka zuba su a fayil daban mai suna WAD, don kowa ya iya kawo nasa ba tare da ya taɓa injin ba. Shekarar 1994 ba ta yi nisa ba sai ga DEU, manhajar zana taswira da Brendon Wyber ya fara, Raphaël Quinet ya ci gaba da ita, mutane a ɗakunansu suka shiga gini.

Ku duba abin da ya biyo baya. Final Doom na 1996, wanda kamfanin ya sayar da kuɗi, masu sha'awa ne suka zana shi: rabi ƙungiyar TeamTNT, rabi wa da ƙani, Dario da Milo Casali. Dario daga baya kamfanin wasanni na Valve ya ɗauke shi aiki. Tim Willits taswirorin da ya zana a gida ne suka kai shi aiki a id. Sandy Petersen, wanda ya yi yawancin kashi na biyu da na uku na Doom, daga tsara wasannin tebur ya zo, ba shi ya rubuta injin ba. Duk waɗannan masu shafe ne, Mubarak?

Mubarak, Samaru:
Malam, Allah ya ƙara girma, amma akwai wanda ka tsallake. Taswirar farko da kowa ke yabo, Hangar, John Romero ya yi ta. Romero kuwa mai rubuta manhaja ne, shi ya rubuta DoomEd, abin da suka zana taswirorin da shi a kwamfutocin NeXT. Ya san cikin injin kamar yunwar cikinsa, shi ya sa kashi na farko ya fi daɗin bugawa. Hujjarka ta dawo wajena.

Hajara, Ƙofar Doka:
Ba ta dawo ba. Sanin inji daban, rubuta inji daban, kai kuma na biyun ka ɗora mana. Abin da ya sa Hangar ta yi kyau, je ka sake dubawa: kana shiga sai taga ta nuna maka fili a waje da sulke shuɗi a tsakiyar ruwan guba, ba ka san hanyar zuwa ba, sai ranka ya biya. Wannan sanin zuciyar mutum ne, ba lissafin kusurwa ba.

Kuma kada ka ɗauka ba mu san injin ba. Dole ta sa mun sani. Da na gwada tsakar gidan a Chocolate Doom, wanda yake riƙe da iyakokin wasan asali, sai ya faɗi. Ashe na cika wurin da dakali da rijiya da matakala, kowanne da nasa tsayin daɓe, injin kuwa ba ya ɗaukar fiye da guntayen daɓe da rufi 128 a kallo ɗaya. Ka san abin da ya fishe ni? Tsarin gidan kansa. Magabatanmu ba sa barin ƙofar zaure ta kalli ƙofar shigifa, don baƙo kada ya hango cikin gida. Ni na miƙe su saboda sauƙi. Da na mayar da su yadda kakana ya gina, kallo ya karye, guntayen suka ragu, wasan ya tashi. Ranar na daɗe ina kallon allo, domin abin da aka yi saboda kunya da mutunci shi ne ya zama maganin injin da aka rubuta a Amurka.

Aliyu, Kwangila:
Ni sabo ne a harkar, tambaya gare ni. Na so in yi gadar Kwangila, motoci a sama mutane a ƙasa, sati biyu abin ya ƙi. Ni ne ban iya ba?

Malam Isiyaku, Sabon Gari:
Ba laifinka ba ne ɗana. Taswirar Doom a kwance take kamar zanen fili a takarda. Kowane sashe daɓe ɗaya gare shi da rufi ɗaya, don haka ɗaki ba ya hawa kan ɗaki, hanya ba ta bi ta kan hanya. Kuma kafin a buga, ana tsattsaga taswirar gida biyu-biyu a jera ta kamar reshen bishiya, abin da ake kira BSP, don injin ya san bangon da ya fi kusa ya fara zana shi. Tunda an riga an tsaga, bango ba ya matsawa gefe. Shi ya sa ƙofofin Doom sama suke ɗagawa, ba sa buɗewa kamar ƙyaure.

Mubarak, Samaru:
To kun ji! Aliyu ya zo da tunani mai kyau, injin ya ce masa a'a, ya tsaya. Gadar da muke bi kullum ba za ta ginu ba, benen Senate na jami'a ba zai ginu ba. Mai rubuta inji ba ya tsayawa a nan. Ken Silverman yana matashi ya rubuta injin Build, wanda aka yi wasan Duke Nukem 3D da shi a 1996. Bai yi amfani da BSP ba, sassansa ta ƙofofi suke leƙen juna, shi ya sa bango ke motsi, jirgin ƙasa ke tafiya. A shekarar ce kuma wasan Quake ya zo da cikakken 3D, gada ta hau kan hanya lafiya lau. Masu taswira jira suka yi aka buɗe musu.

Nura, Tudun Wada:
Kuma GZDoom, injin Doom da aka sabunta, da ake cewa tana yin bene da gangara, ai masu rubutu ne suka yi ta. Ni ma a tsohuwar laftof ɗina sai na kashe fitilu da yawa take tafiya daidai.

Hajara, Ƙofar Doka:
Madalla da ka kawo ta, Nura. Daga ina GZDoom ta fito? id ta saki asalin rubutun Doom a Disamba 1997, ta mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL, mai barin kowa ya gyara ya raba, a 1999. Boom ta fito 1998 ta cire iyakoki da yawa, ZDoom ma ta fito a wannan shekarar, GZDoom ta tsiro daga ZDoom a 2005. Babu ɗayansu da ya fara daga fili fetal, a kan ginin Carmack suka ɗora. Da ma'auninka, Yaya Mubarak, su ma masu shafe ne. Kai ma C ɗin da kake rubutu da shi wani ya yi, dabarar harba zaren ma ka tarar da ita. Ina za a tsaya? Sai wanda ya haƙo yashin da aka narka aka yi kwamfutar?

Mubarak, Samaru:
Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ki bar ni da abu ɗaya. Mu nan Zariya, in duk muka tsaya a zana taswira, ranar da muke son abin da ba a tanada ba, wa zai yi mana? Bangon gidajenmu yana da kauri a ƙasa ya sirance a sama, Doom kuwa bangonsa a miƙe yake ƙyam. Babu wanda zai zauna a Turai ya damu da zanko ko bakan gizo. Wannan ne ke ci mini rai, ba raini ba.

Aliyu, Kwangila:
To me zai hana mu haɗu mu gina tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni a Quake? Na ga TrenchBroom, manhajar zana taswirar Quake, ana iya lanƙwasa baka da guntaye.

Malam Isiyaku, Sabon Gari:
A'a Aliyu, wannan kam ban yarda ba. Wasan harbi ne, cike da dodanni da jini, ba a kai ɗakin Allah ciki. Ko kun cire dodannin, fayil in ya fita hannunku wani zai mayar da su. Ku je ku kalli aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim, ku koyi yadda bakan gizo ke ɗaukar rufi, sannan ku yi soro ko zaure da abin da kuka koya. Ga ganuwa, ga Ƙofar Kuyambana, ga dutsen Kufena, abin ginawa bai ƙare ba.

Aliyu, Kwangila:
Gaskiya ne Malam, ban yi wannan tunanin ba. Na janye.

Hajara, Ƙofar Doka:
Tunda an ambaci Babban Gwani, da me ake tuna shi? Da yadda mutum ke shiga ya ji wurin ya buɗe a kansa. Tsara wuri ke nan, aikinmu.

Mubarak, Samaru:
A'a, da yadda ya jera azara cikin ƙasa guntu bisa guntu har baka ta tsallake faɗin da azara ɗaya ba za ta kai ba. Dabarar da ke riƙe da rufin ke nan, aikinmu. A nan ba zan sakar miki ba.

Amma kalmar mai shafe na janye ta, ki yafe ni. Kuma ina da roƙo. Jiya da dare na gwada sa zaurenku a injina daga hoton da kika turo, ya ƙi, saboda zauren zagayayye ne ni kuwa gurabe masu kusurwa huɗu kawai na sani. Ina so in bar tsarin dara in koma karanta WAD kai tsaye. Kansa bait 12 ne kawai: haruffa huɗu na suna, yawan ƙunshi, da inda jerin sunayensu yake. Daga nan in ciro ɗigogi da layuka in fara zana su a kwance tukuna. Ki turo mini fayil ɗin, amma ki adana shi a tsarin Doom na asali, ba sabon tsarin UDMF ba, shi ban kai can ba.

Hajara, Ƙofar Doka:
Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Zan turo, da sharaɗi: in injinka ya kai ga bango mai gangara, katangar gidan kakana za ka fara gwadawa, ni zan ba ka awon kaurinta ƙasa da sama. Zancen Babban Gwani kuwa yana nan, ban sallama ba.

Malam Isiyaku, Sabon Gari:
Ku zo shago ranar Asabar bayan la'asar, zan tayar da janareta in babu wuta. Wanda ba shi da fayil ɗin wasan na asali ya zo da filashi in sa masa Freedoom, kayan wasa ne da masu sha'awa suka yi a madadin na id, kyauta ne kuma halal, domin rubutun injin aka saki, hotuna da taswirorin id har yanzu na sayarwa ne. Aliyu, ka taho da zanen gadarka, mu gwada ta a TrenchBroom. Hajara, ki auno katangar kafin nan.